Gonakin da Mu'azu Ya Gina a Kan Tebur

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Mu'azu. Sai da na ƙirga da yatsu kafin in rubuta, don in aka tambaye ni kai tsaye cewa zan yi bara ne, ko bara waccan. Mutane kan ce lokaci yana rage zafin rashi. Ni zafin ma bai iso ni ba tukuna, balle in san raguwarsa. Ranar da aka fita da shi daga gidanmu na Funtua, mata suna ta kuka a tsakar gida, ni kuwa ina gindin murhu ina tankaɗen garin masara don a yi wa 'yan zaman makoki tuwo. Wata gwaggonmu ta dafa ni ta ce, "Binta, Allah ya yi miki ƙarfin zuciya." Ba ƙarfin zuciya ba ne. Abin ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani ce.

Mu'azu da ciwon sikila aka haife shi, a gidan da kowane namiji manomi ne. Babanmu auduga yake yi da masara da dawa, yayyen Mu'azu maza biyu kuma tun ba su kai tsayin garma ba suke binsa. Shi kaɗai ake bari a gida, domin sanyin damina da dukan ruwa su ne manyan abokan gabarsa. Nakan gan shi a bakin zaure, lulluɓe da zanen Inna, yana kallon bayansu har su sha kwana. In sun dawo da yamma sai ya tsare su da tambaya. Ina ruwa ya kwanta? Ta wane gefe kunya ta karye? Tsutsa ta shiga masarar kwari ko ta tudu? Su gaji da amsawa, shi bai gaji da tambaya ba. Da ya girma ya samu aikin zaune a wani shagon sayar da iri da taki, nan ma haka yake yi wa manoman da ke zuwa. Gonakin yankinmu duk da kunne ya san su.

Wata rana ya shigo ɗakina da wayarsa, ina cikin duba littattafan ɗalibaina, ya ce in kalli wani abu. Wasu Turawa ne manya, har da masu furfura, sun kewaye wani faffaɗan tebur suna wasa da 'yan ƙananan sojoji. A kan teburin akwai duwatsu da kogi da gada da bishiyoyi, duk ba su wuce tsayin yatsa ba. Na ce masa waɗannan dai ba su da aikin yi. Ya ce, "Yaya, bar sojojin. Dubi ƙasar." Ya tsayar da hoton, ya buɗe shi da yatsu biyu, yana nuna mini yadda aka yi zaizayar ruwa a gefen tudu. Tun daga ranar gidanmu ya shiga wani hali.

Ba abin da za a yar ya tsira daga hannunsa. Farar kumfar nan da ake cusawa cikin kwalin firiji ita ce duwatsunsa, yana sassaƙa ta da reza har ta yi kama da irin fale-falen duwatsun da ke kewaye da Funtua. A karon farko da ya fesa mata fenti, narkewa ta yi a gabansa kamar man shanu a rana, aikin sati guda ya tafi. Ya zauna yana kallon ta, ya yi dariya, washegari ya gano cewa sai an fara shafe ta da gam da tsohuwar jarida. Kunyoyin gona kuwa daga kwali yake samo su: in ka jiƙa fuskar kwali ka ɓare ta a hankali, za ka tarar da layi-layi a ciki kamar an yi huɗa. Bishiyoyi da wayar wuta da ta ƙone yake murɗa su, ya yayyage soson tsohuwar katifa ya rina ya manna a matsayin ganye, kuma bai yarda ɗorawa ta yi kama da kaɗanya ba. Karan dawa daga bakin tsintsiyar Inna yake tsinkowa, har ta fara ɓoye tsintsiyarta a ƙarƙashin gado. Auduga ita kaɗai ce ba ya buƙatar kwaikwayo, ta gaske yake tsakura da bakin allura.

A kan ƙasa ne ya fi tsanani. Bai yarda da fenti ya zama ƙasa ba, sai ƙasar da kanta. Direbobi da manoman da ke zuwa shagon sun saba da roƙonsa. Wannan ya kawo masa jar ƙasa a leda daga wajen Dayi, wancan ya kawo baƙa daga fadama, wani ya zo da mai yashi-yashi daga Matazu. Ya shanya ta, ya daka, ya tankaɗe da rariyata. Rariya nawa ya lalata mini, ban riƙe ba. Rafi shi ne mafi cin rai, don wani gam yake zubawa wanda in ya bushe yakan yi garau kamar ruwa, kuma kaɗan-kaɗan ake zuba shi, a jira ya bushe, a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Ban taɓa ganin wanda ya yarda da wannan zance kamar Mu'azu ba, mutumin da tun yana yaro likitoci suke yi wa iyayensa magana ƙasa-ƙasa a kan tsawon kwanansa.

Mutum ko dabba bai taɓa sassaƙawa ba. Babanmu, tun yana da rai, ya ce masa ban da surar abu mai rai, shi kuma bai yi musu ba, don dama ba su ne suka dame shi ba. Marafan kwalbar lemo su ne mutanensa. Kowace Juma'a bayan la'asar abokansa sukan taru a ɗakinsa, babbansu Kabiru tela, mai yawan surutu da saurin fushi in an ci shi. Da farko yaƙi suke yi kamar yadda suka gani a waya: jajayen marafai a wannan tudu, koraye a wancan, a jefa ɗan lido a ga wanda zai ƙwace gada. Ina jin ihunsu daga madafa.

Sai yaƙin gaske ya matso. Ƙauyen kakanninmu na wajen uwa, can bayan Tsiga, ya fara kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, daga baya ya watse gaba ɗaya. Ba zan tsaya ba da labarin ba, duk mai karanta wannan shafi a yankinmu yana da irinsa a danginsa. Abin da zan faɗa shi ne, wata Juma'a abokan Mu'azu suka zo suka tarar ya sauya dokokin wasa. Yanzu kowa gona ake ba shi, abin nema kuma shi ne ka kai amfaninka rumbu kafin damina ta ƙare. Ɗan lido shi ke yanke ko ruwa ya sauka, ko ya ɗauke, ko tsutsa ta shiga, ko rafi ya cika ya tare hanya. In amalankenka ya maƙale a kwari, ba ka fita sai wani ya ba ka jifarsa, kai ma ka riƙe cewa ana binka. Kabiru ya ce wannan ai ba wasa ba ne, wasan da ba a kashe kowa. Mu'azu ya ce masa, "Mai son wancan ya kunna rediyo." Kabiru ya yi gunaguni ya zauna. Shi ne kuma ya fi kowa nacewa daga baya.

Cikin waɗanda suka baro ƙauyen akwai Baba Mati, tsohon Bamaguje wanda gonarsa ta yi iyaka da ta kakanmu tun kafin a haifi Inna. Shi da ɗansa Iliya suka sauka a ɗakin zaurenmu kafin su samu wuri. Tsohon ya daina magana. A kawo masa abinci ya ci, a gaishe shi ya ɗaga hannu, ya wuni yana kallon bango. Wata rana da hantsi ya bi ta ƙofar ɗakin Mu'azu zai zagaya, ya hango teburin, ya tsaya. Ya ƙare masa kallo, ya ce, "Ɗan nan, wane gari ne wannan?" Mu'azu ya ce ba kowane gari ba ne, daga kansa ya ƙirƙiro shi. Baba Mati ya girgiza kai. "Ƙasa ba ta zama babu mai ita," in ji shi. Ya jawo tabarma ya zauna.

Daga nan suka fara aikin da ya cinye sauran kwanakin Mu'azu. Tsoho yana faɗa, yaro yana ginawa. Mu'azu bai je ƙauyen ba sai sau kaɗan yana ƙarami, saboda haka komai daga bakin Baba Mati yake fitowa: inda burtali ya ratsa, inda rijiya take, gidan wane yana kallon gabas, rumbun wane ya karkace. In Mu'azu ya kafa bishiya ba daidai ba, tsohon ya ce tumɓuke ta, ai wannan a gonar wani ka sa ta, so kake a yi shari'a? Har dariyarsa muka ji a lokacin. Akwai wata tsamiya a bayan gari inda mutanen Baba Mati suke yin al'adarsu ta farkon damina. Mu'azu ya zo ya tambayi Inna ko ya sa ta. Inna ta ce, "Bishiya ce. A inuwarta muke hutawa in mun ɗebo ruwa. Sa ta, ka sa masallacin ma, ai duk suna nan." Ya sa su duka biyu, kowanne a inda yake. Da aka gama gidan Baba Mati, na ga tsohon ya ɗora yatsarsa a tsakar gidan ya bar ta a wurin har Mu'azu ya gama wanke buroshinsa.

A lokacin marka ciwon ya tashi. Rufin ɗakinsa ya fara yoyo daidai kan teburin, ya tashi shi kaɗai yana jan allon da ya gina ƙauyen a kai zuwa ɗaya gefen, ya fita cikin ruwa neman leda. Kafin magariba ƙasusuwansa sun fara ciwo. Mun saba. Sabo kuwa mugun abu ne, don yana sa ka ɗauki jakar asibiti kamar mai zuwa kasuwa. Aka kwantar da shi, aka ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo, har ya sha kunu. Ina gyara masa matashi ya ce, "Yaya, kar a bari kowa ya taɓa rafin, bai bushe ba." Na ce to. Na fita yin alwala don azahar. Da na dawo na tarar da Inna ta rufe masa fuska da gefen mayafinta. Na tsaya ina kallon kofin kunun, ina tunanin ko na gidanmu ne ko na maƙwabcin gadonsa. Abin da ya zo mini ke nan. Na sha neman wani tunani da ya fi wannan dacewa da lokacin, ban samu ba.

Aka rufe ɗakinsa, makulli ya zauna a hannuna. Nakan shiga lokaci-lokaci in kaɗe ƙura da gashin kaza, yadda na ga yana yi. Wata shekara na tarar gara ta shiga alluna biyu na gine-ginensa na farko daga ƙasa, ta cinye kwalin ta bar ɓawon ƙasa kawai, da na taɓa sai tudu guda ya rufta. Na kwashe a kwando na zubar a bola, na wanke hannu, na ɗora girki. Allon ƙauyen ne kawai ya tsira, don a kan tebur mai ƙafar ƙarfe yake. Baba Mati da Iliya sun koma Malumfashi, inda Iliya ya buɗe wurin gyaran babura. A can tsohon ya rasu, bai sake ganin ƙauyensa na gaske ba. Inna ma ta rasu. Mutuwa rigar kowa ce, mun sani, amma a gidanmu kamar da gaggawa aka ɗinka ta.

Nakan tambayi kaina me Mu'azu zai ce da ya ga yau. Kwanan baya wata abokiyar aikina ta nuna mini a wayarta wata na'ura da ke fitar da 'yan ƙananan duwatsu da bishiyoyi na roba, kana zaune ta gama maka abin da shi yake yi a wata guda. Ina jin zai yi mamaki, zai so ya san yadda take aiki, sannan ya ce ƙasarsu ba ta yi kama da ta ko'ina ba. Gonakin bakin gari da yake jin labarinsu a shago yawancinsu an yanka su filaye, bulo ya tsiro a inda masara take. Ƙauyen kakanninmu wasu sun fara komawa, amma da rana, su yi noma da kunne a tashe su dawo gari su kwana. Ban sani ba ko zai ƙara wannan a cikin dokokin wasansa, ko zai ce a bar shi ga rediyo.

Akwai kuma maganar gwajin jini kafin aure, wadda yanzu ta zama ruwan dare, har iyaye da kansu suke tambayar takarda kafin a sa rana. A zamaninsa an fara maganar, kuma yana goyon bayanta, ya sha tura abokansa su je a gwada su. Amma na tuna wata rana ana zancen a rediyo, yana zaune yana murɗa waya, ya ɗago ya ce, "Da an yi wannan a lokacin su Inna, da ba ki samu mai lalata miki rariya ba." Ya ci gaba da aikinsa. Yanzu duk lokacin da na ji ana yabon gwajin, nakan yarda da masu yabon, sannan in tuna maganarsa, in rasa inda zan ajiye su biyun a wuri ɗaya.

Bara waccan yayyensa suka ce za su rushe ɗakin su gina wa babban ɗan ɗayansu wurin zama. Gaskiyarsu ce, gida na masu rai ne. Ina tunanin inda zan kai allon sai ga Iliya, Kabiru ya gaya masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in babu damuwa a ba shi ajiyarsa, tunda gidan ubansa yana ciki. Na ba shi. Suka ɗora a bayan a-kori-kura, mutum biyu suna riƙe da shi har Malumfashi. Na ji daga baya cewa wani rami a hanya ya tsaga gefe guda. Ban ji komai ba da aka gaya mini. Iliya ya sha aiko mini cewa in zo in gani, ina cewa sai an kwana biyu.

Juma'ar da ta wuce na je. Ba wani dalili, na kai wa wata ƙawata gaisuwa ne na ga da sauran rana. A wani ɗaki bayan garejin Iliya na same su, shi da Kabiru, wanda ashe kowane mako yake hawo mota daga Funtua, da wasu mutum uku da ban sani ba, waɗanda ba su taɓa ganin Mu'azu ba. Suna cikin gardama a kan wanda ya ci bashin jifa bai biya ba. Da suka gan ni suka miƙe, aka ba ni kujera. Allon ya tsufa. Inda ya tsage an liƙe shi da hannun bakanike, gam ya yi tudu kamar tabo. Bishiyoyin da suka ƙara sun yi kama da laima. Sun cire jinkar wasu gidaje sun bar su a buɗe, Iliya ya ce haka suke yanzu. Sun sa rijiyar burtsatse da aka haƙa a ƙauyen bayan rasuwar Mu'azu.

A gefen gabas na ga an ƙara wani guntun katako da ba na ainihin allon ba, an yi masa kunyoyi, an kewaye shi da danga ta tsinken ashana. Ba marfin kowa a ciki. Na tambaya ta wace ce, don na san babu gona a wurin.

Kabiru, mai surutun nan, ya sunkuyar da kai yana juya ɗan lido a tafinsa. Iliya ne ya amsa. "Ta Mu'azu ce, Yaya. Ba a bi ta ciki, ko amalanke ya maƙale sai dai a zagaya. Kowace damina muna sake mata shuka."

Na ce, "Bana me kuka shuka masa?"

"Waken suya. Masara taki take ci, ga yadda taki ya koma."

Na ce musu Mu'azu ba ya son waken suya, ko awara ba ya ci. Suka kalli juna kamar waɗanda aka kama da laifi. Kabiru ya ce ai don sayarwa ne, ba don ci ba. Na ce duk da haka a bar masa dawa a gefe, ko layi biyu ne, don yana son tuwonta da miyar kuka. Iliya ya tashi ya ɗauko tsintsiyar shago ya fara tsinko bakinta.

In aka bi lissafin duniya, Mu'azu bai bar komai ba. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ɗakinsa ma yanzu na wani ne, kuma yawancin abin da ya gina gara ta ci. Abin da na gani ya rage shi ne magidanta biyar da ke barin sana'arsu kowace Juma'a su zauna su yi wasan da ba a cin sa sai maƙwabci ya taimaka, uku daga cikinsu suna kiran sunansa kamar sun yi zaman shago tare. Ban sani ba ko wannan yana da yawa ko kaɗan ne. Ban yi kuka ba a wurin, ban yi a mota ba. Na dai zauna har suka gama kafa dawar, na nuna musu inda layin ya karkace, suka gyara.

Allah ya jiƙan Mu'azu, ya haɗa shi da Inna da Babanmu a inda ba ciwo, ya ba mutanen ƙauyukanmu ikon kwana a gidajensu. Wanda ya karanta wannan, in ya ga dama, ya sa shi a addu'a.